Kwalbar da Na Jira Ta Zama Binegar

Zuwa ga 'yata Balkisa, Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miki sannu da hanya, ina tambayar gajiyar tafiya da baƙuncin wuri. Allah ya sa kin iske ɗakin yadda aka nuna miki shi a hoto, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba ki gani. Mamanki tana gaishe ki. Mu nan Montreuil, gefen Paris, lafiya lau muke, ban da gwiwar nan tawa da ta daina shiri da matakalar metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya kira ni a salula. In na kira ki gaisuwa ce za ta cinye lokacin, ke kina amsa mini rabi da Hausa rabi da Faransanci, ni kuma in manta abin da na kira in faɗa. Maganar tana da tsawo, ni kuwa a gajiye nake. A rubuce ina iya ajiye biro in huta, in dawo in ci gaba.

Maganar kwalbar nan ce. Ranar da kika sauka ɗakin ajiyarmu na ƙasa ɗauko akwatin tafiyarki, kika hauro da ita a hannu, ƙura ta rufe ta, bakinta ɗaure da waya, kika tsaya a ƙofar falo kina kallona. Na ga tambayar a idonki tun kafin ki buɗe baki: me kwalbar giya take yi a gidan mutumin da ko alawar da aka ce an ɗiga mata barasa ba ya bari ta shigo masa? Ranar na ba ki guntun bayani, kika yi dariya, aka wuce wurin. Yau zan ba ki shi duka, don akwai saƙon da za ki kai mini a can Lyon inda kike, kuma saƙon ba ya jiran ki gama zama.

Kin san a Vénissieux, gefen Lyon, aka haife ki, amma ba za ki tuna Rene ba, kina ƙarama muka taso. Lokacin da na fara aiki a mangaza, wurin lodi da sauke kaya, shi aka haɗa ni da shi. Bature ne gajere mai gashin baki, mai yawan magana, ya girme ni da kyau. Shi ya koya mini tuƙa motar ɗaga kaya, shi ya nuna mini takalmin da zan saya kada sanyin siminti ya cinye mini ƙafa. In azumi ya zo, da kansa yake ɗaukar abincinsa na rana ya koma bayan mota ya ci, don kada in gani. Ban taɓa roƙonsa hakan ba.

Abin da ya fi so a duniya shi ne wata giya da yake yi da hannunsa a tsohon gidan mahaifinsa, can cikin tuddai bayan gari. Ya cika mini kunne da labarinta har na san ta kamar mai sha. Ya ce shi ba ya zuba mata yis na shago. In ya dafa ruwan hatsin sai ya bar shi a buɗe lokacin sanyi, abin da ke yawo cikin iskar wurin ya faɗa ciki ya yi aikinsa, kamar yadda matanmu ke barin madara a ƙwarya ta zama nono. Daga nan ta shiga ganga ta daɗe, sannan kwalba. Ya ce in aka sha ta da wuri tana da ɗanɗanon 'ya'yan itace, in aka ajiye ta kuma tsaminta ya ƙaru, ta yi wani wari da masu sonta ke nema, wai kamar na garke. Na ce masa mu a garinmu garke shararsa ake yi, ba a sha. Ya yi dariya har da tari. Kullum gardamarsa da abokansa ita ce a sha ko a ajiye, kuma ya ce babu mai iya faɗa maka ranar da ta fi kyau sai an buɗe. Ya kuma ce in aka yi sakaci da ita tana iya lalacewa ta koma binegar, ruwan tsamin nan da ake zubawa a latas. Ki riƙe wannan maganar ta ƙarshe, ita ce ta ɓatar da ni.

Ranar sunanki ya zo da matarsa Odil, suka cire takalma a ƙofa ba wanda ya ce musu, suka ci tuwo da hannu. Da zai tafi ya ja ni kan matakala, ya fito da kwalbar daga cikin rigar sanyinsa. Ya ce ta shekarar da aka haife ki ce, ita ce mafi kyau da ya taɓa yi. Ya sa mini ita a hannu ya rufe da nasa hannun, ya ce, "Ajiye wannan. Wata rana za mu ji labarinta."

A nan na fara kuskure. Kalma ɗaya ce ta kamata: Rene, na gode, amma ka san ni ba na sha, ba na kuma ajiyewa. Da ya yi dariya ya mayar da abinsa cikin riga. Amma mutum ya zo sunan 'yarka, ya ci abincinka, ya kawo maka abin da ya fi so, sai bakina ya yi nauyi. Na ce marsi, na tura ta ƙarƙashin babbar riga, na shiga gida kamar ɓarawo. To Uwani, inda kika fara aiki yanzu wurin binciken abinci ne, za a miƙo miki kofi a walimar ofis, za a kawo miki kyauta ƙarshen shekara. Ki faɗi a'a ɗinki tun ranar farko, da murmushi, ki ƙara da godiya. A ranar farko ba ta da nauyi ko kaɗan. Mu an raine mu a kan cewa mayar da kyauta cin fuska ne, kuma a gida haka ne, amma mutanen nan sun fi jin ciwon ka karɓa ka ɓoye.

Na rasa yadda zan yi da ita. Sha babu. In ba wani, na ba shi abin da ni na ƙi. In zubar kuma, da wane ido zan kalli Rene ranar Litinin? Mamanki ta ce in fitar mata da ita daga inda take salla, sai na kai ta ɗakin ajiya. Wata Juma'a bayan an sauko, na tsaya da Malam Haruna, wani dattijo ɗan Tasawa da ke ja mana salla a unguwar, na yi masa tambaya a kaikaice, wai wani abokina ne abin ya samu. Cikin bayaninsa ya ce giya in ta juye da kanta ta zama binegar, ta tsarkaka, ana iya ci. Ya yi wasu maganganun bayan wannan, ina jin har da cewa abokin nawa ya rabu da ita ya huta, amma ni kunnena ya riga ya tsaya a inda yake so.

Na koma gida ina jin kaina mai wayo. Rene ya ce in ta daɗe tana zama binegar, Malam ya ce binegar halal ne. Shi ke nan, sai in ajiye ta har ta juye, in zuba a kan latas da tumatir in ci, in je in ce wa Rene na ɗanɗana abinka, ban yi ƙarya ba, ban kuma saɓa wa Allah ba. Ban ga ramin da ke cikin dabarar ba sai da kika tsaya a falo kina dariya har kina riƙe ciki, kika ce, "Mais Baba, binegar sai da iska! Kwalba a toshe ko shekara ɗari ta yi ba za ta juye ba." Shekara ashirin da ɗoriya ina gadin abin da ba zai faru ba. Kuma mutumin da zai gaya mini haka cikin minti ɗaya, kullum muna tare a wurin aiki. Ban tambaye shi ba, don tambayar za ta tona ni.

Shawarata a nan ita ce, in kika je wurin malami ko likita ko wani babba da tambaya, ki fara tambayar kanki ko amsa kike nema ko mafaka. Ni mafaka na je nema, shi ya sa na ɗauki rabin magana na bar rabi. In kuma kika ga wata dabara ta zo miki wadda za ta gamsar da kowa ba tare da kin buɗe baki kin faɗi abu mai nauyi ba, ki yi zarginta. Malam Haruna ba shi da laifi, Allah ya jiƙansa.

Tun muna Vénissieux Rene ya fara tambayar. In mun haɗu da safe wani lokaci sai ya ɗaga gira ya ce, "Alors, ka buɗe?" In ce ba tukuna. Ya ce madalla, ya wuce yana fito. Da muka dawo Paris na shiga shagon kawunki a Barbès, sai tambayar ta koma ta waya, duk sabuwar shekara. Mu gaisa, ya tambayi ke, ya tambayi mamanki, ya ba ni labarin mangaza da waɗanda suka yi ritaya, sannan a ƙarshe, ka buɗe? Ba tukuna. Tun ina faɗa da dariya har na koma faɗa da ƙyar. Na fara jin kamar yana tuhumata ne, kamar yana cewa na raina abin hannunsa. Wata shekara na ga sunansa a salula ina tsakiyar ciniki, na ce zan kira shi in na tashi. Ban kira ba. Shekarar da ta biyo na ji kunyar wancan kiran da ban mayar ba, sai na bar wannan ma ya wuce. Ya aiko kati sau biyu ko uku, daga nan ya yi shiru.

Ba faɗa muka yi ba, Uwani, abin da ke ci mini rai ke nan. Da faɗa ne da na san inda zan kama in gyara. Mutum ne da ya tsaya mini lokacin da ban san kowa ba a ƙasar nan, na bar shi ya sulale saboda na gaji da faɗin kalma biyu. In kika ga kin fara gudun kiran wani don akwai abin da ba ki gaya masa ba, ki ɗauka a wannan kiran, ki gaya masa. In ba za ki iya ba ki ce masa akwai magana amma ba yau ba. Kada ki bar wayar ta yi ta kuka a hannunki kina kallon sunan.

Kuma ba a kan Rene na fara wannan halin ba. Ni mutum ne mai ajiya. Mamanki tana da shaddodi a akwati da na hana ta ɗinkawa, wai sai ranar da za mu koma gida gaba ɗaya, yanzu ta ce launinsu na 'yan mata ne, ba za ta sa ba. Kakarki da kika ci sunanta, sau nawa ta aiko a ce in zo ta gan ni, ina cewa sai na shirya, sai na samu abin da zan shiga gida da shi ba kunya. Da na shirya, kabarinta aka nuna mini. Ban cika yi muku wannan maganar ba don ba na iya ƙarasa ta. Akwai abin da ajiya ke gyarawa, ban musa ba, daddawa ma sai ta kwana biyu. Amma ziyara ba ta cikinsu, gaisuwa ba ta cikinsu, gaskiyar da ka riƙe wa aboki ma ba ta cikinsu.

Bayan mun raka ki tasha mun dawo, gidan ya yi mana faɗi. Kwalbar tana nan kan tebur inda kika dire ta. Mamanki ta dube ta, ta dube ni, ta ce ko in kira mutumin nan ko ta kira shi da kanta. Kin san ta in ta yi irin wannan muryar. Na lalubo tsohuwar lambar gidansu, ina addu'ar a ce ta canza. Odil ce ta ɗauka. Ta gane muryata tun daga gaisuwa, ba ta yi mini ƙorafi ko ɗaya ba, wannan kuwa ya fi zagi zafi. Ta ce Rene ba shi da lafiya, ciwo ne a maƙogwaro, an yi masa aiki, magana tana yi masa wuya, abinci ma sai mai ruwa-ruwa. Likita ya hana shi shan giya kwata-kwata, kuma ko ba a hana ba, harshensa da hancinsa sun daina jin komai. Ta ce sun bar gidan tuddai, an sayar da gangunan. Na tambaye ta abin da likitoci ke cewa, ta ce ba sa cewa komai kuma, sai dai su tambaya ko yana jin zafi.

Ta kai masa wayar. Muryar da na sani mai cika mangaza ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa. Ban bari ya wahala ba, na faɗi abin da ya kamata in faɗa a kan matakala ranar sunanki. Na ce Rene, ban buɗe ba, ba zan taɓa sha ba, addinina ya hana, na ji kunyar gaya maka ne. Har labarin binegar na ba shi. Na ji wani sauti na ɗauka tari ne, ashe dariya yake yi. Da ya huta ya ce:

"Wawa. Azumi nawa na yi ina cin abinci a bayan mota saboda kai? Na san ba ka sha. Shi ya sa na ba ka. Ni in tana gidana ba za ta kai bazara ba."

Sauran Odil ce ta ƙarasa mini, don muryar ta ƙare. Wai duk kwalaben wannan shekarar ya shanye su da abokansa tun kina rarrafe, kullum ya ce zai ajiye sai ya kasa. Wannan ɗaya ya kai ta inda ya tabbata ba mai taɓa ta. Niyyarsa in kin girma mu je da ke, shi ya buɗe ya sha, ni in sha shayina, ya ji abin da shekaru suka yi mata. Tambayar da yake yi mini duk shekara tsokana ce, kuma in na ce ba tukuna daɗi yake ji. Shi ma bai faɗa mini a fili ba, ya ɗauka na gane. Na zauna riƙe da waya. Na yi baƙin ciki, Uwani, irin wanda ban yi ba tun rasuwar kakarki.

Kafin mu ajiye waya ya sa Odil ta roƙe ni abu ɗaya. Ya ce shi yanzu ba zai iya sha ba, ba zai iya shinshinawa ba, kawo masa ita ba shi da amfani. In buɗe ta a nan, in duba da idona, in shinshina da hancina, a gaya masa yadda ta zama. Yana so ya sani ko ajiyar ta yi, ko ta lalace.

Jiya da hantsi na fitar da ita baranda. Mamanki ta rufe ƙofar falo ta tsaya ta bayan gilashi, ta toshe hanci da mayafi tun ban taɓa wayar bakin ba. Na nemi gafarar Allah a kan shekarun da ta yi a gidana, na kwance wayar, na murɗa toshiyar a hankali. Ban kai ta bakina ba, ko ɗigo. Na juye ta a wani faffaɗan kwano na gilashi, na duba, na sunkuya na shaƙa, sannan na rufe bakin da ƙyalle yadda kika ce ana yi. In ta juye, to, ko da yake mamanki ta rantse ba za ta ci ba ko malaman duniya sun taru. In ba ta juye ba, rariya tana nan. Wannan bai dame ni ba kuma.

Ga saƙon. Ranar Lahadin nan ki shiga metro D har Vénissieux, adireshin yana bayan takardar nan, Odil ta san da zuwanki. Kada ki ce sai kin gama jera ɗaki, kada ki ce sai kin samu abin da za ki riƙa musu, ki tafi hannu biyu. Ki kira shi Tonton, wato kawu, ki zauna kusa da shi, ki yi magana a hankali. Ina iya faɗa wa Odil a waya, amma ina so ya ji daga bakin yarinyar da aka yi abin don ita. Ni ma ina tafe ƙarshen wata, na yanki tikitin jirgin ƙasa, mamanki ta karɓe shi ta riƙe don kada shi ma in ajiye shi. Sai dai yadda na ji muryar nan, ban yarda in dogara da ƙarshen wata ba.

Ki ce masa toshiyar ta fita da ɗan ƙara, ba ta ruɓe ba. Ki ce ta yi kumfa kaɗan, siriri, ya daɗe bai kwanta ba. Launinta kamar shayi na biyu, garau, sai ɗan laka a gindin kwalba wanda na bari ban zuba ba, yadda ya sha faɗa mini. Warin farko tsami ne, kamar an jiƙa tsamiya. Bayansa kuma wani ya taso, na tsaya na rasa inda na san shi, sai da na rufe ido. Garken awakin kakarki ne da safe bayan an yi ruwa, jiƙaƙƙiyar harawa da ƙasa da jikin dabba. Na daɗe a tsugune a barandar nan, har mamanki ta buɗe ƙofa ta zo ta tsaya a kaina. Ki ce masa warin garken da yake nema yana nan, bai yi ƙarya ba. Ki ce masa ta yi, kuma Laminu ya ajiye masa ita da kyau.

Allah ya tsare mini ke a fitarki da shigarki, ya sa ki gama da aikin nan lafiya, ya ba ki abokan zama irin wanda ya ba ni, ya kuma ba ki bakin da za ki riƙe su da shi. Ki kula da salla, ki sa rigar sanyi, iskar garin nan tana shiga ƙashi. In kin fito daga gidansu ki kira ni tun kina kan hanya. Zan ɗauka.

Wassalam,
Babanki, Laminu